Azumin Kanwa

Bana azumi ya zagayo daidai inda ya same mu shekara talatin da uku da suka wuce, a tsakiyar zafin Garwa. Irin zafin nan ne da in ka manta buta a tsakar gida da hantsi, kafin azahar ba ka iya alwala da ruwanta. Da ma ban manta da wancan azumin ba balle a ce zafi ya tuna mini. Sai dai bana abin ya zo mini biyu, domin kwana tara kafin a ga wata aka sauke mini Bappa Isa, ƙanen mahaifina, a gida. Daga Tibati aka kawo shi, inda ya daɗe yana sayar da bandar kifi. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suna kudu, ƙafafunsa sun kumbura, likita ya ce hawan jini ne. Gidanmu na Yelwa gidan gado ne, yana da ɗaki a ciki, ni kuma nake zaune a gidan tun da mijina ya rasu. Babu wanda ya tambaye ni ko ina so.

Da na ga an shigo da shi ana tallabe da shi ta hammata, wallahi daɗi na ji, ba zan yi wa kaina kwalliya ba. Abu ɗaya nake nema a wurin mutumin nan tun ina 'yar shekara goma sha shida: ya buɗe bakinsa ya ce shi ya jawo mutuwar Baba. Ba na son ɗakinsa, ba na son hawayensa. Maganar nan kawai nake so in ji da kunnena kafin ɗayanmu ya bar duniya.

Waccan shekarar damina ta yi mana rowa. Ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta gama ido ba, masakwar da ake dasawa bayan damina kuma ba ta samu danshin kirki ba. Kafin rani ya yi nisa hatsi ya yi wuya a kasuwa, kogin Binuwai ya ja baya ya bar yashi fari fat. Famfon unguwarmu sai ya kwana uku bai ɗiga ba. Da an idar da sallar asuba mu mata da 'yan mata muke yin ayari zuwa kogi, kowa da bokitinta da ƙoƙonta. A haƙa rami a yashi da hannu, a tsuguna a jira ruwa ya tsattsafo, a riƙa kwalfa a hankali don kada ya gurɓace. Wadda ta riga cika nata sai ta taya ta kusa da ita. Muna dawowa rana ta fito, gammo ya jiƙe, ƙasa ta fara cizon tafin ƙafa. Duk jikinmu ƙurajen zafi ne, manya da yara, kowa susa yake yi ba kunya.

Babana, Malam Garba, mahauci ne. Ƙato ne mai kaurin wuya, in ya yi dariya a kwata ana jin sa a bakin titi. Shanun da ake kawowa kara a shekarar sai ƙashi da fata, masu sayen nama kuma sun ragu, ga zafi ba ya barin nama ya kai la'asar. Abin da ya yi kwantai sai a kawo gida a yi kilishi. Dukanmu muke aikin: Baba ya fere naman siriri da wuƙarsa, mu shanya a kan karan gado, Inna ta haɗa kwaɓin ƙuli da yaji da gishiri, a tsoma, a sake shanyawa. Saboda haka mu yunwarmu ta tuwo ce, ba ta nama ba. Sai a wayi gari babu dawar da za ta kai dare, amma ga kitse da kayan ciki da kilishi a rataye.

Tun kafin lokacin Baba yana kukan ciwon ƙeya da jiri, sau biyu kuma ya yi haɓo. Mako biyu kafin azumi ya yanke jiki ya faɗi a kwata, aka ɗauke shi zuwa lopital, wato asibiti. Likitan mutumin kudu ne, ba Hausa ba Fillanci, sai Faransanci da sauri kamar ana korarsa. Ya auna Baba, ya girgiza kai, ya yi rubutu a wani ɗan littafi da ake ba marar lafiya, wanda muke ce wa karne. Bappa Isa ne ya raka shi, domin shi ne mai bokon gidanmu. Baba ne ya rene shi, ya sa shi lekol, makarantar boko, ya yi aji uku ko huɗu ya gudo. Amma bai taɓa yarda ya gudo ba. Kullum yana cikin wando da 'yar shat, da biro biyu a aljihun gaba, ana kiransa Komi, wato magatakarda, shi kuma yana amsawa da hanci a sama.

Da suka dawo aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida. Baba ya kishingiɗa, Inna ta zauna daga gefe, ni ina bakin madafa ina jin komai. Bappa ya buɗe karne, ya gyara murya.

"Régime sans sel," in ji shi. "Wato abinci ban da gishiri."

Inna ta ce, "Ban da gishiri? To da me za a yi miyar, Malam Isa?"

"Ki bari in ƙarasa mana. Ga shi a ƙasa ya rubuta: ni natron, ni cube, ni viande séchée." Ya bi layin da bakin biro. "Natron ita ce kanwa. Kub kin san shi, dunƙulen miya. Na ƙarshen kuwa busasshen nama, kilishi ke nan. Likitan nan ya daɗe a Garwa, har ya fara jefa Hausa a rubutu. Cewa yake yi, ni dai kanwa, ni dai kub, ni dai kilishi. Su ya zaɓa wa Yaya a maimakon gishiri."

Baba ya yi dariya har yana riƙe ƙeya. Ya ce, "Kai, likitan nan ɗan albarka ne. Ya san da mahauci yake magana."

Haka muka shiga azumi. Inna ta ɗauke kwanon gishiri ta ɗora a saman katanga, ta aike ni kasuwa na sayo kanwa mai yawa. In mun dawo daga kogi sai surfe, sai a jiƙa ɗan geron da aka samu, a kai niƙa, a tace gasara. Daga azahar zuwa la'asar gari yakan mutu. Ko kaji ba sa motsi, suna laɓe a bayan randa baki buɗe. Mukan jiƙa zane mu lulluɓa, kafin ka juya ya bushe. Yawu ya yi kauri a baki, harshe ya manne, in ka miƙe da sauri ka ga duhu. Da la'asar sakaliya ake hura wuta, a nan aikina yake farawa. Ni nake daka kanwa. Ni nake jiƙa ta, in tsiyaye ruwanta a kunun Baba har ya yi wannan kalar ta ɗorawa, in zuba a miyar yakuwa ko ta kuka, in murtsuke kub biyu a kai. Mu sauran gida miyarmu ba ta ganin kub ko rabi, domin a ganinmu magani ne, na marar lafiya ne. Ƙannena suna kallon kwanonsa suna haɗiyar yawu, Inna tana korarsu.

Da an kira magariba Baba zai ɗaga ƙwaryar kunun kanwa ya shanye ba ya saukewa, ya haɗiye ƙwayar lopital, sannan ya jawo kilishi. Yakan ce, "Asabe, hannunki da albarka. Miyar marar lafiya ta fi ta masu lafiya daɗi." Ni kuwa sai in ji kaina ya kumbura, gobe in ƙara kanwar. Wannan yabon nasa ne har yau yake hana ni sakat.

Ranar goma ga azumi Marta ta shigo da tallan ganye. Marta mutuniyar duwatsun bayan Poli ce, Kirista, ta yi karatu a wurin 'yan mishan, har ta taɓa aikin shara a wani ƙaramin asibitinsu kafin ta zo Garwa. Ita take kawo mana yakuwa da tafasa, sun saba da Inna sosai. Ta sauke tirenta, ta gan ni da turmi da tulin kanwa a gabana.

"Asabe, wannan kanwa duka, shanu za ki ba?"

Na ce na Baba ne, likita ya rubuta. Ta tsaya da kallona. Ta juya ga Inna, wadda take kira Dada Asabe, wato uwar Asabe, ta ce, "Dada Asabe, kawo takarda in gani."

Inna ta ciro karne daga ƙarƙashin filon Baba. Marta ta goge hannu a zane, ta karanta sau biyu, bakinta yana motsi.

"Wa ya karanta muku wannan?"

"Ƙanensa, Komi."

"Dada Asabe, wannan ni ba na Hausa ba ne, na Faransi ne. In sun ce ni kaza, ni kaza, ma'ana ko wannan a'a, ko wancan a'a. Likita ya hana gishiri, ya hana kanwa, ya hana kub, ya hana kilishi. Duka ya hana. Kuna ba shi abin da zai kashe shi."

Inna ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Ni kuma taɓarya ta yi mini nauyi a hannu, na jingine ta.

Da yamma Bappa ya zo shan ruwa kamar kullum. Inna ba ta iya jira ba, a gaban Baba ta faɗa masa abin da Marta ta ce, murya ƙasa-ƙasa, tana ta haɗawa da ban haƙuri. Ya karɓi karne ya buɗe. Ina tsugune ina zuba kunu, tsakanina da shi bai fi taku uku ba, kuma na ga fuskarsa. Idonsa ya bi layin, ya dawo, ya sake bi. Leɓensa ya motsa. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, domin goshinsa ya tsattsafo da zufa, kunnuwansa suka yi wani iri. Ya gane. Ko a gaban alƙali aka kai ni zan dafa Alƙur'ani a kan ya gane. Sai ya rufe karne ya jefa a aljihu, bayan biro.

"Yanzu mai tallan ganye ce za ta koya mini Faransanci?" Ya ɗaga murya har maƙwabta suna leƙe. "Matar da ta sauko daga dutse jiya? Yaya, a gidanka za a ci mini mutunci haka?"

Inna ta ce, "Ba cin mutunci ba ne, Malam Isa. Lopital ɗin ba nisa, gobe a koma a tambaya, hankalin kowa ya kwanta."

"In kun koma, kun ce ni jahili ne ke nan. Ku faɗa kawai in ji."

Baba ya dubi ƙanensa, ya dubi Inna. Ya ce, "Ni na kai yaron nan lekol da hannuna. A bar maganar. Marta kuma ta kai ganyenta wani gidan." Aka kira salla, ya ɗaga ƙwaryar.

Kuskure kowa yana yi, kuma da a nan Bappa ya tsaya da tuni na yafe. Mutum ya ga kalmar da ta yi kama da ta harshensa ya ɗauka ita ce, wannan abin dariya ne. Amma an nuna masa, ya gani, ya zaɓi girmansa a kan ran wansa. Bai ma tsaya nan ba. Inna ta fara rage kanwa a ɓoye, Baba ya ɗanɗana ya ce miya ta yi lami, Bappa ya ce ai ga shi nan, an bi maganar 'yar dutse ana so a kashe masa wa da yunwa. Daga ranar kullum sai ya zo da kilishinsa a takarda, ya zauna kusa da Baba, ya yaga ya miƙa masa, yana satar kallon Inna. Ni kuma aka ce in mayar da kanwa yadda take, na mayar. Yarinya ce ni, ban san ana ƙin maganar uba ba.

Goman ƙarshe zafi ya kai inda ba ya wucewa. Kullum da yamma hadari zai haɗu ta gabas, ya yi baƙi, mu fito da bokitai, sai iska ta watsa shi. Ƙafafun Baba suka fara cika takalmi, idonsa ya yi ja, yana cewa yana jin ganga a cikin kunne. Aka ce azumi ne da rana. Ranar ashirin da huɗu, bayan la'asar, hadarin ya tsaya bai watse ba. Iska mai sanyi ta taso, ƙamshin ƙasa ya cika gari, yara suka fara ihu a waje. Kilishi yana shanye a tsakar gida, Baba ya fito da sauri zai kwashe. Ya sunkuya, ya ɗago da karan gadon a hannu, sai ya sake shi. Ya faɗi ta ɓarin dama. Ruwan da muka yi wata da watanni muna roƙo, a kansa ya fara sauka, manyan ɗigo masu ɗumi. Ni da Inna muka ja shi zuwa rumfa, bakinsa ya karkace, yana so ya yi magana sai gurnani. Bokitan suka cika suka tumbatsa babu wanda ya kula su.

Kwana biyar ya yi bai ce uffan ba. Ranar jajibirin Salla ya cika. Ana ta kitso da ƙunshi a maƙwabta, mu muna zaman makoki. Ina ji daga cikin gida Bappa yana karɓar gaisuwa a zaure, yana cewa, "Ajali ne, ajali ne. Mun yi iyakar ƙoƙarinmu, har abincin da likita ya rubuta ba mu fasa ba ko rana ɗaya."

Bayan sadakar arba'in na ce wa Inna zan je niƙa, na zarce lopital. Karne yana wurin Bappa, amma kalmomin suna kaina. Na samu wata ma'aikaciyar jinya mai jin Fillanci na karanto mata. Ta ce Marta ta yi gaskiya. Ta zaunar da ni a benci ta yi mini bayani: kanwa da kub da kilishi duk gishiri ne da ya sake riga. Suna riƙe ruwa a jiki, jini ya yi ta matsa wa jijiya, wata rana ta cikin kai ta fashe. Ta tambaye ni ko ɗan'uwana ne ba lafiya. Na ce a'a, tambaya kawai nake yi. A shekarar Bappa ya tattara ya koma Tibati. Inna ta yi shekara ashirin bayan haka ba ta sake kiran sunansa ba, sai dai ta ce mutumin can. In ya aiko da kifi, maƙwabta suke ci.

Yanzu ga famfo a tsakar gidana, ga firji, ana shan ruwa da ƙanƙara. Binuwai ba ta ganin ƙafata sai in zan wuce gada. Hatsi bai yi wuya kamar da ba, amma rabin sa'o'ina ko hawan jini ko ciwon suga, a gidan biki kowa da ƙwayarta a ƙullin zane. Ni ma ana auna ni. Na daɗe da koyon miya da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta, in matsa lemon tsami a kai, har jikokina ba sa gane babu gishiri. Kanwa kuwa ba ta sake kwana a madafata ba.

Ni na kai Bappa wurin likita kafin azumi. Yarinya ce, 'yar nan arewa, da Fillanci ta yi masa magana, ba a buƙatar kowa a tsakani. Ta ce ya ajiye azumi ya ciyar. Ta lissafa masa da yatsu: gishiri, kub, kanwa, kilishi, bandar kifi mai gishiri, kitse. Da ta zo kan kanwa na juya na kafe shi da ido. Shi kuma ya ga wata kalanda a bango, ya ƙura mata ido kamar zai haddace.

Na riƙe shi da kyau, kada wani ya ce ban riƙe shi ba. Tuwon dawa mai laushi, miyar zogale ko ta kuɓewa ba ko ƙwayar gishiri, ɗanyen kifi dafaffe, gwanda da safe. Ina azumi, bakina a bushe, amma in tsaya a kansa da rana tsaka sai ya haɗiye ƙwayarsa. Yakan ture kwanon ya ce, "Asabe, wannan ai ruwan wankin tukunya ne." In ce, "Haka likita ta ce, Bappa, da harshen da kake ji." Sau biyu masu dubiya suka zo da tsire, na tare su a zaure na mayar da su da kayansu. Ba don ƙauna nake yi ba. So nake ya warke sarai, hankalinsa da harshensa su dawo daidai, don kada ya samu wurin ɓuya. Kumburin kuwa ya saɓe, har ya fara fita ƙofar gida shan iska.

Ranar ashirin ga wata, bayan la'asar, na same shi a bakin ɗakinsa yana fifita. Na jawo kujera na zauna. Shekara talatin da uku ina shirya maganar, da ta zo fita sai ta fito a gajarce.

"Bappa, ranar da Inna ta faɗa maka abin da Marta ta ce, ka gane, ko ba ka gane ba?"

Mafici ya tsaya a hannunsa. "Ke har yanzu kina kan wannan maganar? Mutum ya yi shekara talatin a ƙasa."

"Da uku. Ka gane ko ba ka gane ba?"

"Kwanansa ne ya ƙare, Asabe. Ko ruwa zalla ya sha, ranar ba za ta wuce ba."

"Na san da ajali. Ba shi na tambaye ka ba. Na ga fuskarka ranar."

"Yarinya ce ke, me kika sani da har za ki ga fuska?"

Na sassauta murya, har roƙo na yi, abin da ban taɓa zaton zan yi ba. "Ka ce kuskure ka yi, kunya ta hana ka gyarawa. Shi ke nan. Babu kowa a nan, daga ni sai kai. Ba zan faɗa wa 'ya'yanka ba."

Ya ci gaba da fifita. Ya ce, "Rubutun likitan ne ba kyau. Kuma in ana neman wanda ya zuba kanwa, ba ni nake shiga madafa ba."

Ban san yadda na tashi ba. Ranar nan, da aka kira salla, ruwa kawai na iya sha.

Washegari tsofaffin mahauta uku, abokansa na da, suka zo duba shi. Da za su tafi ɗayansu ya miƙo mini ƙunshi babba a takardar siminti, mai ya huda ta, ƙamshin ya cika zaure. Ya ce, "Ga ɗan kilishi, a ba Komi ya taɓa." Na san abin da nake yi wa irin wannan ƙunshin. Wannan karon na sa hannu biyu na karɓa, na yi godiya. Na wuce da shi ɗakin Bappa na ajiye kusa da filonsa. Ya dubi ƙunshin, ya dube ni. Ban ce ci ba, ban ce kada ka ci ba. Likita ta faɗa masa da harshen da yake ji, ba wanda ya juya masa magana. Na fito na ja labule.

Daga ranar na daina tsayawa a kansa. In kai abinci in ajiye, in ɗauke kwanon yadda na kai shi. Ƙwayoyinsa suna kan taga, ban ƙirga ba. In na wuce ta ƙofarsa da rana nakan ji ƙarar takarda, in ƙara sauri. Kullum ina ce wa kaina gobe zan shiga in ɗauke, goben kuma in tuna abin da ya ce a kan madafa, in fasa.

Ranar ashirin da takwas da hantsi na ji faɗuwar abu a ɗakinsa. Na same shi tsakanin gado da bango, bakin ya karkace, hannun dama ya saki. A lopital likitar ta duba shi, ta fito ta same ni a baranda. Ta ce a shekarunsa abin yana iya zuwa ko an kiyaye, amma ta yi mamaki, domin awonsa na baya ya yi kyau. Ta ce, "Hajiya, akwai abin da ya ci cikin waɗanda na hana? Yana shan maganinsa?"

Na buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshena, gajeriya ce, ba ta fi wadda na roƙe shi ba. Na ce, "Wallahi ban sani ba, likita. Mun yi iyakar ƙoƙarinmu."

Yau mako uku da Salla, ruwa bai sauka ba tukuna. An sallamo shi, yana kwance a ɗakinsa, ba ya magana, kuma likita ta ce da wuya ya sake yi. Ni nake juya shi, ni nake ba shi kunu da cokali. Ban huce ba, kada a ɗauka na huce. In na dube shi har yanzu raina yana tafasa, sai dai yanzu babu bakin da zai ba ni abin da nake nema, kuma da hannuna na kai ƙunshin nan. Wani lokaci in na tambaye shi ko ya gane, hawaye yakan gangaro daga idonsa na dama. Na tambayi likita, ta ce ciwon ne yake sa haka.

Jiya babban ɗansa ya bugo waya daga Duwala. Ya yi ta sa mini albarka, ya ce ba su da bakin gode mini, ni kuma ina cewa amin, amin. Ya ce in kara wa babansa wayar a kunne. Na kara. Ina jin muryarsa tana fitowa ƙasa-ƙasa: "Baba, ka gode wa Allah da ya ba ka Yaya Asabe. Ko mu da ka haifa ba za mu yi maka abin da take yi ba." Bappa ya kafe ni da idonsa mai lafiya, bai ƙifta ba har yaron ya gama ya kashe. Na ajiye wayar, na goge masa gefen baki da tsumma, na ɗebo wani cokalin. Ya daɗe yana kallon cokalin kafin ya buɗe baki.